Gishirin da Ya Kama Bakin Waziri Kanesada

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafan mutanen gabas, waɗanda fatake suka yi ta miƙa wa juna labarinsu daga jirgi zuwa jirgi har ya iso kunnenmu, cewa can ƙarshen duniya inda rana take fara leƙowa akwai wasu tsibirai da ake kira Japan. A wani zamani da ya shuɗe aka yi wani sarki a cikinsu mai suna Norihira, mutanensa suna yi masa kirari da Jikan Rana. Sarki ne mai son karatu da yawan tambaya, ba ya barin magana ta wuce shi sai ya juya ta ya ga bayanta.

A fadar wannan sarki ba a ganin fuskar mata masu daraja. Kowace tana zaune bayan asabari na siririn gora, sai dai ka ji muryarta, ka ga bakin hannun rigarta ya leƙo ta ƙasa. Gashi shi ne darajar mace, ana barinsa ya sauka har ya ja ƙasa, ba a sa masa aska sai in za a fid da ita daga cikin mutane. Suna kuma da wata kunya mai kama da tamu: mace ba ta kama sunan namiji gatsal a bainar jama'a, sai dai ta kira shi da sarautarsa ko aikinsa. Wadda duk ta furta sunan namiji a gaban mutane, to ta gaya wa duniya abin da ke ranta ke nan.

Cikin matan fadar akwai wata dattijuwa, Uwargida Teruko, ita ce mai tsara wa Sarauniya hikayoyi. A can maza suna rubuta dokoki da tarihin yaƙi da haruffan Sin, mata kuwa suna rubuta labarai da nasu rubutun, wanda mazan suke rainawa a majalisa, su koma gida su aika a aro musu a ɓoye. Teruko ba ta taɓa aure ba, ba kuwa don an rasa masu so ba. Mace ce mai ji da kanta ƙwarai, ni kuwa da na ji labarinta har ƙarshe ban ga laifinta ba.

Aka ce wata shekara bayan an girbe shinkafa, Waziri Kanesada ya kwanta ciwo. Ciwon kuwa na ban mamaki ne, duk abin da ya sa a baki sai ya koma gishiri. Shinkafa gishiri, zuma gishiri, ruwan rijiya ma gishiri. Mutum mai wuya da tumbi ya rame har rigunansa suka yi masa yawa.

Mutanen ƙasar sun yarda cewa kurwar mai rai tana iya fita daga jikinsa in baƙin ciki ya yi masa yawa, ta tafi ta kama wanda ya cuce shi, shi kuwa mai kurwar bai ma sani ba. Allah ne masanin gaskiyar wannan, mu abin da muka tarar muke faɗi. In haka ta faru sai a kira malamansu masu aske kai ƙwal, su yi ta karatu da hayaƙi har su koro kurwar daga jikin majinyaci, su tura ta jikin wata mace da aka tanada don haka, kamar dai yadda iska take hawan 'yar bori a nan wajenmu. Sa'an nan su yi ta kiran sunaye har kurwar ta amsa.

Aka kawo matar, sunanta Matsume, wata ƙaƙƙarfar mace mai sharar ɗakin bauta. Aka yi ta karatu tun hantsi, can sai ta faɗi tana birgima, ta kama kuka mai tsinka zuciya, ba abin da take faɗi sai, "Ka ce in jira, na jira."

Babban Malami ya gyaɗa kai. Ya ce ai magana ta fito fili, gishirin nan hawaye ne, jira kuwa aikin mata ne. Sai ya shiga kiran matan da Waziri ya taɓa nema tun yana saurayi, kuma wallahi ba kaɗan ba ne. Matsume tana kukanta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da aka zo kan Teruko sai Waziri ya buɗe ido daga shimfiɗarsa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wayyo, baiwar Allah. Ashe har yanzu ba ta haƙura ba."

Shi ke nan fa. Kurwa ba ta amsa ba, Waziri ne ya amsa mata, amma ba wanda ya tsaya bambancewa. Kafin rana ta faɗi hukunci ya fita: a yanke wa Teruko gashi, a sa ta jirgi, a kai ta wani tsibiri inda ba kowa sai tsuntsayen teku.

Da labari ya iske Teruko, ba jirgin ne ya fi ƙona mata rai ba. Ita mai tsara labarai ce, ta san abin da za a yi da ita. Kafin shekara ta kewayo za ta koma tatsuniya, a yi mata ƙahoni da jajayen idanu, a riƙa tsorata yara da tsohuwar da son Waziri ya haukata. Kanesada fa. Mutumin da ya neme ta ruwa a jallo suna da ƙuruciya, ya yi ta aiko mata da rassan furanni kamar yadda samarinsu suke yi, ta ce ba ta yi. Shi ya sha ƙasa, amma da shekaru suka ja sai ya gyara labarin a ransa har ya koma shi ne ya bar ta.

Sai kuma maganar gishirin ta tsaya mata a rai. Mai kawo rassan furannin nan a wancan zamani wani saurayi ne, Tomonari, ɗan matar da ta shayar da Kanesada, nono ɗaya suka sha, tabarma ɗaya suka tashi. Yakan durƙusa a bayan asabarinta ya miƙa saƙon ubangidansa, ta tambaye shi hanya, ya ba ta labarin abin da ya gani a kasuwa, har zaman ya fi saƙon tsawo. Wata rana aka tsinci barewar ɗakin bauta da kibiya a wuya, abin da hukuncinsa kora ce daga birni. Tomonari ya fito ya ce kibiyarsa ce. Teruko ta san hannun da ke riƙe reshen fure bai tsinke ganye ɗaya ba bai iya harbi da baka ba, ta kuma san wanda ya iya. Aka kore shi zuwa gaɓar arewa inda ake dafa ruwan teku a fid da gishiri. Daga baya ta ji ya zama falken gishiri, kayansa suna shigowa birni, shi kuwa an hana shi ƙetare shingen hanyar shiga birni. Tun ran da aka tafi da shi ta rufe wa Kanesada ƙofa, sunan Tomonari kuwa ba ta ƙara barin ya zo mata ko kan leɓe ba, yau kusan shekara talatin.

Ta san in ta faɗi sunan nan a gaban fada, ta tsira daga wata kunya ta faɗa wata, don za a ce mai tsara wa Sarauniya hikaya ta tsufa da son bara. Sai ta ƙudura za ta sa wani ya faɗa da bakinsa. Ta aika ta roƙi Sarki ya saurare ta kafin a kawo aska. Sarki kuwa yana daga cikin masu aron labaranta a ɓoye, ya yarda.

Washegari da hantsi aka taru a babban zaure. Aka ɗauko Waziri a kan gado aka ajiye shi gefe, malamai suka jeru da Matsume a tsakiyarsu, aka rataya wa Teruko asabari a kusurwa. Ta sa rigunanta mafi kyau, ta baza gashinta a bayanta, ta zauna a miƙe.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Jikan Rana. An ce kurwata ta fita ta tafi gidan Waziri. Ni da ko takalmina ban taɓa aikawa gidan ba, ina roƙon a gaya mini ta wace hanya ta bi."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Babban Malami ya matso, ya ce, "Ranka ya daɗe, musun da ta yi ba hujja ba ne. In an ba ni izini in kawo abin da magabata suka rubuta." Sarki ya ba shi izini.

Ya ce, "An ruwaito cewa a wani ƙauye na kan dutse an yi wata mace mai haƙuri, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, kullum tana watsa wa tsuntsaye tsaba. Wani matafiyi ya yi mata alkawari ya tafi bai dawo ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba, mutane suna ta sa mata albarka. Shi kuwa can a garinsu gashin kansa ya kama zubewa, kullum da azahar sai ya ji kamar ana fizga. Ita kuma takan ɗan kishingiɗa da azahar, in ta farka ta ga baƙin gashi a tsakanin yatsunta, ta rasa na wane ne. Da malamai suka zo mata ta rantse ba ta san komai ba, kuma gaskiya ta faɗi, ita ba ta sani ba, kurwarta ce ta sani. Saboda haka, ranka ya daɗe, mace in ta yi shiru a nan ne abin tsoro yake, in ta musa kuwa ba ita ce za a tambaya ba."

Kun ji fa irin hujja. In ta yi kuka ita ce, in ta yi shiru ita ce, in ta musa ma ita ce.

Sarki ya juya maganar, sa'an nan ya fuskanci asabari ya ce, "Uwargida, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk littafin da na buɗe na labaran magabata, kurwar da take kama mutum mace ce. Macijiyar da ta bi matafiyi mace ce, fatalwar bakin gada mace ce. Ke kin fi kowa sanin labarai. Ki gaya mini dalili. In amsarki ta kwanta mini, zan biya miki buƙata ɗaya. In ba ta kwanta ba, hukunci yana nan yadda yake."

Teruko ta ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Ni ma da labari zan amsa, tun da Malam da labari ya kama ni.

"An ruwaito cewa wani hakimi ya ga wani ƙaton dutse a hayin kogi, ya yi sha'awar a kafa masa shi a lambunsa. Masu fito a mashigin wa da ƙanwa ne, shi yana tuƙi, ita tana riƙe da igiyar jirgi. Suka duba dutsen suka ce jirgi ba zai ɗauka ba. Hakimi ya ce sai ya ɗauka. Aka ɗora, suka tura, da suka kai tsakiyar ruwa jirgi ya rabe biyu, wa da ƙanwa suka nutse tare.

"Ba a daɗe ba ƙanƙara ta sauko ta kwantar da shinkafar hakimi kaf, ta bar ta maƙwabta a tsaye. Rijiyar gidansa kuma aka fara jin kuka a cikinta. Aka kira malamai. Suka ce ƙanƙara fushin namiji ne, wato wan nan da ya nutse. Suka yi layi suka durƙusa, suka tambaye shi, 'Me aka yi maka?' Aka gano maganar dutse. Aka gina masa ɗakin bauta a bakin kogi, aka naɗa shi Sarkin Ruwa yana kabari, kowace kaka a kai masa damin farko. Kukan rijiya kuwa suka ce na mace ne. Tambayar da suka yi ita ce, 'Wa take so?' Suka turnuƙe rijiyar da hayaƙi, suka kawo faifan dutse suka rufe. Masu ba da labari suka zo daga baya suka ce ai son hakimi ne ya sa ta faɗa ruwa, suka ƙara mata ƙahoni, suka cire dutsen lambu daga labarin gaba ɗaya. Jirgi ɗaya, ranka ya daɗe, ruwa ɗaya, azzalumi ɗaya.

"To ga amsata. Maza ma suna dawowa, ba su fi mu haƙuri ba. Amma namiji in ya dawo ba a sa shi cikin littafin fatalwa, ana sa shi cikin littafin sarauta, shi ya sa Sarki bai gan shi a inda ya duba ba. Wannan ma sai ya mutu. Namiji mai rai kuwa ba a taɓa tambaya ba, don an ɗauka zuciyarsa ba ta ciwon da zai fid da kurwa. Mace ake kawowa kurwa ta hau, da muryar mace take magana, sunayen mata ake kira. Wanda ya jefa taru a tafkin mata kaɗai, ina zai kamo namiji?"

Sarki ya dubi Babban Malami ya ce, "Malam, tun da kake aikin nan ka taɓa kiran sunan namiji mai rai?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu gaji haka ba."

Sarki ya ce, "Amsa ta kwanta. Uwargida, faɗi buƙatarki."

Da ta ce a yafe mata, da an yafe. Amma Teruko ba ta son yafiya, don wanda aka yafe wa ai ya yi laifi ke nan. Ta ce, "Buƙatata a sake kiran kurwar nan yanzu, a kira mata sunayen maza. In ba ta amsa ko ɗaya ba, a miƙo mini askar in yanke gashina da hannuna."

Aka hura wuta, aka zuba turare, malamai suka kama karatu. Ba a jima ba Matsume ta faɗi, kukan nan ya dawo, "Ka ce in jira, na jira." Babban Malami ya fara kira yana ɓata fuska. Ya kira manyan da Waziri ya ture daga kujerunsu, ya kira hakiman da ya tuɓe, ya kira sarkin yaƙin da ya hana wa lada. Duk manya, duk masu rawani. Kuka bai canja ba.

Teruko tana leƙen Waziri ta tsakanin gorar asabari. Ta ga ya runtse ido, ya dafe baki, gumi yana tsattsafo masa. Nan ta gane ya sani. Ya sani sarai, amma ya gwammace gari ya ce babbar mace ta tsufa da begensa, da a ce ɗan mai shayarwa ne ya kwantar da shi. Ta dubi sauran fadawa, tsofaffin da suka ga ran da aka kori saurayin, ba wanda ya tuna. A wurinsu bara ba ya cikin mutanen da ake kira.

Babban Malami ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, sunaye sun ƙare."

Sarki ba ya son abin da zai biyo baya, amma magana ta riga ta fita. Ya ɗaga hannu, aka kawo aska a kan faranti aka tura ta ƙarƙashin asabari. Teruko ta dube ta. Tsoro ya kama ta, ba na askar ba, na abin da ya rage mata ta yi. Hanya biyu ce, ko ta tafi tsibiri da sirrinta a bar ta da sunan mahaukaciyar Waziri, ko ta buɗe baki kowa ya san wanda ta ajiye a rai. Ta tuna kuma akwai wani can a gaɓar arewa da ba wanda zai kira shi in ita ba ta kira ba.

Sai ta ture farantin gefe, ta ɗaga murya yadda na ƙofar zaure ma zai ji, ta ce, "Tomonari."

Matan da ke bayan sauran asabarai suka ja numfashi. Kukan Matsume ya yanke kamar an ɗauke ruwa. Ta tashi zaune a hankali, ta gyara ta durƙusa irin durƙuson bara mai kawo saƙo, ta fuskanci kusurwar Teruko, ta ce, "Na'am, ranki ya daɗe."

Sarki ya ce, "Kai wane ne, kuma me aka yi maka?"

Kurwar ta ce ta bakin Matsume, "Allah ya ja zamanin Jikan Rana. Ni ɗan'uwan Waziri ne na nono. Ran da kibiyarsa ta sami barewa ya zo mini yana rawar jiki, ya ce in aka kore shi gidansu ya rushe, ni kuwa ba ni da abin rasawa. Ya ce in ɗauka, in jira shi kaɗan, da ƙura ta lafa zai aiko a dawo da ni. Na ɗauka don uwata ce ta goya shi. Na dafa gishiri har fatar hannuna ta tsage, na yi fatauci har na tara jakuna da barori, kowace shekara ina raka kayana har bakin shinge in tsaya, su wuce. Na ji ya zama hakimi, na ce bana zai aiko. Na ji ya zama Waziri, na ce to bana kam. Uwata ta rasu a birni ban ga gawarta ba. Ban yi nufin cutarsa ba, ranka ya daɗe. So nake kawai ya ɗanɗana abin da nake ci."

Waziri ya fashe da kuka, ya kifa fuska a shimfiɗa, bai musa ko kalma ɗaya ba.

Wani bafade mai kaifin baki ya ce ƙasa-ƙasa, yadda dai za a ji, "Ashe Uwargida ba Waziri take so ba, baransa take so."

Teruko ta ji shi. Ta ce, "Ka faɗa da ƙarfi, ba abin ɓoyo ba ne kuma. Na zaɓi wanda ya ɗauki laifin wani a kan wanda ya ɗora masa, in za a sake ba ni zaɓi yau shi zan sake zaɓa. Kuma fada ta sani, da kurwata mai fita ce, ta san hanyar da za ta bi, ba kuwa ta gidan Waziri ba ce."

Sarki ya yi murmushi, sa'an nan ya yanke hukunci. Ya ce a ɗauki Waziri a gadonsa a kai shi gaɓar arewa, ya roƙi gafara da bakinsa, ya dawo da ɗan'uwansa a gaba shi a baya. Ya kafa doka cewa daga ranar duk kurwar da aka kira, a tambaye ta abin da aka yi mata kafin a tambayi wa take so, a kuma kira mata sunan maza da mata, manya da barori. Teruko kuwa ya ɗaukaka darajarta a kan dukan matan fada, ya sa aka kai labaranta taskar da ake ajiye littattafan maza. Aka ce Waziri bai ji ɗanɗanon abinci ba sai da ya ci shinkafa daga hannun Tomonari, bayan ya dawo kuma ya ajiye sarauta da kansa.

Da furanni suka buɗe, wata rana da la'asar aka gaya wa Teruko wani falke yana neman iso. Ta ce ya shigo. Ta ga wani tsoho ya durƙusa a bayan asabari, kansa fari fat, hannayensa duk tsaguwa. Zuciyarta ta buga kamar ta yarinya, ta ji haushin kanta a kan haka.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, an ce kurwata ta zo birni ta yi ɓarna. Ni ban sani ba. Na dai san nakan yi gyangyaɗi a bakin tukunyar gishiri in gan ni a ƙofar gidan Waziri. An kuma gaya mini abin da kika yi a zaure, ban san da bakin da zan gode ba."

Ta ce, "Bar godiya, tambaya gare ni. Kurwarka ta ƙetare shinge, ta ratso duwatsu, ta shigo birnin nan. Gidan Waziri ta nufa. Ƙofata tana kan hanya, me ya sa ta wuce?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ce, "Takan tsaya, ranki ya daɗe. Ba a yi mata iso ba ne."

Teruko ta ji hawaye ya cika mata ido, ta gode wa asabarin da ya rufa mata asiri. Ta gyara murya ta ce, "To, an yi maka iso. Amma ka riƙa zuwa da ƙafarka."

Masu ruwayar suka ce haka ya riƙa yi har ƙarshen ransu. Suka ce kuma abin lura a nan shi ne, mai bincike in ya riga ya yanke irin mutumin da zai kama, to zai kama shi ko ba shi ya yi ba, mai laifin yana kwance a gabansa yana nishi. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan daga littattafan mutanen tsibiran, abin da ya ɓace a hanya kuwa yana wurin Masani.